Bashin Mutum Ɗaya, Sunan Ikilisiya Duka

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu ya gabatar a taron zumunci na masu bi na yankin Sabon Birni da Isa. Mun buga shi yadda ya faɗe shi, sai ɗan gyara kaɗan.)

 Sannunku da hanya. Duk wanda ya biyo ta Goronyo ko ta Shinkafi ya zo nan yau ya san nauyin wannan gaisuwa, mun kuwa gode wa Allah da ya kawo ku lafiya.

An ce in yi magana a kan zaman mai bi a kasuwa da cikin sha'anin gari. Da sakatare ya kawo mini takardar, na ce ya sake dubawa ko ya yi ɓatan gida, gama ni ban yi makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Ya ce ai dalilin ke nan, masu wa'azi muna da su, mai shago ake nema. To, mai shago ne zai yi magana, kuma zan fara da abin da ya same mu a ƙofar majami'a.

Wata Lahadi, mun tashi daga sujada ke nan, sai muka tarar da wani Alhaji a tsaye a inuwar dogon yaro, can gefen hanya. Babban ɗan kasuwa ne mai ba da kayan masarufi a kan sari. Da yawanku kun san shi, amma ba zan kama suna ba. Bai shigo ba, bai ɗaga murya ba. Sai da ya bari aka yi addu'ar rufewa, mata suka watse, sa'an nan ya yafuto ni. Bayan mun gaisa, ya ambaci sunan wani saurayi da ya yi kusan shekara biyu yana sujada tare da mu, har yana cikin mawaƙa. Ya ce, "Malam, yaron ga naku na?" Na ce namu ne, sai dai mun kwana biyu ba mu gan shi ba. Ya ce yaron ya ɗauki kaya a wurinsa na naira 340,000, sukari da taliya da mai da sabulu, a kan zai biya bayan kasuwa biyu. Ga shi an yi wata biyu, shago a kulle, waya a kashe, mai gidan haya ya ce da asuba ya shiga mota.

Na ce, Alhaji, wa ya tsaya masa? Sai ya dube ni ya ce, "Ban san garinsu ba, ban san ubanai ba. Na dai gane shi shina shiga ɗakin ga naku duk Lahadi, shi as sa nib ba shi."

'Yan'uwa, ban sami abin cewa ba.

Ranar da dattawa suka zauna a kan maganar, mun daɗe ba mu daidaita ba. Wani ya ce ikilisiya ba ta sa hannu a takarda ba, ko gaban alƙali aka je ba abin da za a kama mu da shi. Gaskiya ya faɗa. Wani ya ce in muka biya wannan, mun buɗe ƙofa, gobe wani zai ci ya gudu ya bar mana. Shi ma gaskiya ya faɗa. Wadda ta raba gardamar ita ce wata uwa tamu ta Zumuntar Mata da ta kawo mana ruwa, ta ji abin da ake yi. Ta ce, "Baba, ku gafarce ni. Kada ku biya. Amma ranar kasuwa ɗayanku ya je ya nemi tiyar gero bashi, ya dawo ya gaya mana yadda aka yi." Ta ajiye ruwan ta fita. Daga nan muka yarda za mu biya kaɗan-kaɗan daga aljihunmu, ba daga baikon Lahadi ba, kuma mu rubuta wa faston garinsu yaron. Zan gaya muku inda maganar ta kwana kafin in zauna.

Abin da nake so mu tambayi kanmu shi ne, me ya sa Alhajin ya ba baƙo kayan dubu ɗari uku da wani abu don kawai ya ga yana shiga majami'a? Ba ni na gina wannan suna ba, ba ku ba ne. Gado muka tarar. Masu wa'azi na SIM sun zauna a Tsibiri, kusa da Maraɗi, tun 1927, a tsakiyar Gobirawa 'yan'uwan mutanen garin nan. Ai daga Tsibirin ne wani reshe na gidan sarautar Gobir ya taso ya kafa Sabon Birni a ƙarni na 19, kafin Turawan Ingila da na Faransa su ja layin da ya raba gida ɗaya gida biyu. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, wanda har yau mutanen wannan ɓangare suke ƙetarawa su je. A Amanawa, kusa da Sakkwato, sun yi jinyar kutare a lokacin da dangin mutum ma suke gudunsa. Waɗanda suka ba da gaskiya ta wannan aiki ba su da yawa, kowa ya sani. Amma an bar magana guda a bakin jama'a, cewa mutanen nan in sun ce magani ne, to magani ne, in sun ce gobe, to gobe ne. Bayansu kuma sai ga malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu gyaran mota da suka zo daga kudancin Kaduna da Filato da Zuru da ƙasar Ibo da ta Yarbawa, suka ɗora a kai. ('Yan'uwanmu Yarbawa ma suna da ƙarin gata, tun da abokan wasan Gobirawa ne. Bagobiri zai tsokane su da safe, ya ba su bashi da rana. Mu sauran sai dai hali.)

Mu kaɗan ne a nan. Ba mu da hakimi, ba mu da kansila, ba mu da yawan da ɗan siyasa zai ji tsoro. Wannan suna shi ne jarinmu, kuma asusu ɗaya ne. Ba wanda yake da nasa daban. Yaron da ya shiga mota da asuba bai ci kuɗin Alhaji kaɗai ba, ya ɗiba daga asusun gwauruwar da za ta je neman gero ranar da albashin ɗanta ya makara.

Kada wani ya ɗauka wannan magana ce ta wa'azi kawai. Ku tuna abin da muka gani da idonmu. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har da namu guda biyu, saboda 'yan bindiga. Aka hana sayar da fetur a jarka, aka rufe hanyar Isa zuwa Marnona. Na'urar masu POS ta zama dutse. Ba ka iya kiran mai ba ka kaya a Sakkwato, ba ka iya tura masa ko kwabo. Wasu suna hawa tudu da layin Nijar ko za su dace. A waɗannan watanni direba ne banki, direba ne gidan waya. Ka ƙulle kuɗi a leda ka ba shi, ka gaya masa saƙo da baki, ya kai, ya dawo da kaya. Wanda aka yarda da maganarsa shagonsa bai bushe ba. Wanda ba a yarda da shi ba ya zauna yana korar ƙudaje.

Sai kuma farkon 2023, da aka canza takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kuɗinka yana banki amma ba ka iya sayen tiyar wake, gama matar da ta kawo waken daga ƙauye ba ta san wani abu wai shi tiransifa ba. Ni da kaina na biya naira 2,000 don a ba ni 10,000 a hannu, kuma sai da na yi godiya. A gidana mu tara ne. Wata Hajiya ma'auniya ita ta riƙe mu da gero da shinkafa har mako bakwai, ba takarda, ba shaida. Duk lokacin da na je ba ta haƙuri sai ta ce, "Malam, tahi da shi, in ka samu ka kawo." Da Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu a watan Maris na shekarar, ita na fara biya kafin in sayi komai.

Ga kuma iyaka. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A tsakanin nan naira ta faɗi warwas a gaban sefa. Na san akwai 'yan'uwa da suka ɗauki kaya a Maraɗi da lissafin sefa, da aka buɗe hanya suka so su biya da lissafin naira na ranar da suka ɗauka. Na san da ciwo, don bambancin ba kaɗan ba ne. Amma ni a ganina wanda ya ɗauka da sefa, da sefa zai biya. In ya yi maka nauyi, ka je ka zauna da mutumin, ka roƙi ragi ko ƙarin lokaci, ya yafe da bakinsa. Kada ka yafe wa kanka.

Yanzu bari in taɓa mu masu shago. Ba bashi kaɗai ke cin suna ba. Akwai tiyar da aka bubbuga gindinta ya taso. Akwai buhun da samansa wake mai kyau, ƙasansa ƙwari da tsakuwa. Akwai mai kemis da yake kankare ranar ƙarewar magani, ko ya ba baƙauye farin ƙwaya ya ce na shawara ne, alhali ya san ba abin da zai yi masa. Akwai mai kayan gyaran babur da yake sa jabu a kwalin na gaske, ɗan kabu-kabu ya ɗaura, ya lalace masa a tsakiyar daji, a irin dajin nan namu. In kun koma gida ku karanta Amos sura 8, ku ga yadda annabi ya kwatanta 'yan kasuwar da suke ƙosawa ranar hutu ta wuce don su koma rage mudu da ƙara farashi. Ku duba Karin Magana 11, aya ta 1 a kan ma'auni, aya ta 26 a kan mai ɓoye hatsi. Ku kuma sani maƙwabtanmu ba sa bukatar mu koya musu wannan. A Alƙur'ani akwai sura guda da aka sa wa sunan masu tauye mudu, kuma aya mafi tsawo a cikinsa, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Suna da ma'aunin da za su auna mu da shi, suna kuwa aunawa.

Akwai wani ciniki kuma da nake jin nauyin faɗa, amma dole. Mutanen daji suna cin burodi, suna shan magani, suna zuba mai, suna sa kati a waya, kuma ba a daji ake yin waɗannan ba. Tun da Bello Turji da ire-irensa suka addabi ƙasar nan daga Shinkafi zuwa Isa zuwa Sabon Birni, kalmar da ta fi kowace kalma hatsari a kasuwa ita ce "infoma". In baƙuwar fuska ta zo ta ce a ba ta burodi sittin, ko kwalin ƙwaya mai sa maye, ba ta ma taya farashi ba, ɗan'uwa ka san inda kayan za su. Ribar tana da daɗi, na sani. Amma ka tuna matafiyan da aka ƙona cikin mota a Gidan Bawa a watan Disamba 2021, ka tuna mutanen kasuwar Goronyo na watan Oktoban shekarar. Ka kuma tuna in aka kama Bagobiri da wannan, sunansa za a kira, in aka kama ka, sunanmu za a kira. Wanda aka tsoratar, aka ce in bai sayar ba za a zo gidansa, wannan dabam ne, ban kuwa tsaya nan don in hukunta shi ba. Abin da nake roƙo shi ne kada ya haɗiye shi kaɗai. Ya gaya wa fasto ko dattijo guda, a san yadda za a kai maganar inda ta dace ba tare da an jefa shi cikin wuta ba.

Haka kuma kuɗin fansa. Ba zan shiga gardamar a biya ko kada a biya ba, gama wanda ba a ɗauke masa ɗa ba bakinsa yana da sauƙin magana. Amma duk lokacin da aka yi karo-karo don ceto wani namu, maƙwabta Musulmi suna sa hannu, wani da dubu biyu, wani da akuya. Sau nawa muka koma muka gaya musu nawa aka tara, nawa aka kai, nawa ya saura? Manzo Bulus da kansa, a 2 Korantiyawa sura 8, bai yarda ya ɗauki gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba, sai da wanda ikilisiyoyin suka zaɓa ya raka shi, don kada a sami abin zargi. In Bulus ya ga yana bukatar ɗan rakiya, ni wane ne? Mutum biyu su karɓa, na uku ya rubuta, a karanta a gaban jama'a.

Kada in yi muku alkawarin da Allah bai yi ba. Riƙon amana ba laya ba ce. Mun san abin da ya faru da Deborah Samuel a Kwalejin Shehu Shagari ranar 12 ga Mayu 2022, da abin da ya biyo baya a cikin Sakkwato, har aka sa dokar hana fita. Akwai masu gaskiya da aka fasa wa shago a ranakun nan. Amma ni abin da na gani a nan shi ne, a makon, maƙwabcin shagona, tela ne, ya jawo bencinsa ya ajiye a ƙofata, ya zauna yana ɗinkin hula daga safe har la'asar, kwana uku. Bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Shekara goma sha ɗaya muna ajiye wa juna makulli.

Wannan ya kawo ni ga sha'anin gari. Laifinmu a nan shi ne muna zama kamar mai jiran mota a tasha, kaya a ɗaure. Mutum ya yi shekara ashirin a Isa, ya haifi 'ya'ya biyar a nan, amma katin zaɓensa na garinsu ne, in zaɓe ya zo ya kulle shago ya tafi. Sa'an nan mu zo muna kuka cewa ba a gyara mana magudanar ruwan unguwa ba, ba a ba mu filin maƙabarta ba. Ɗan siyasa ƙuri'a yake ƙirgawa. Hukumar zaɓe tana karɓar canjin wurin rajista duk lokacin da ta buɗe sabunta rajista, matasanmu masu waya su taimaki iyaye. Kuɗin rumfa da harajin shago mu biya, mu karɓi rasit, mu adana. Na taɓa biyan wani mai karɓar kuɗi sau biyu a wata ɗaya don ban nemi takarda ba, kuma da na je ƙorafi ba ni da abin nunawa. Laifina ne.

Irmiya ya rubuta wa mutanen da aka kai Babila wasiƙa, tana nan a sura 29. Mutane ne da suke ganin gobe za su koma gida. Ya ce musu su kwance kaya, su yi gini, su yi shuka, su nemi alherin garin su kuma yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Mu kuwa ba kamammu ba ne, da ƙafarmu muka zo, wasunmu ma a nan aka yanke musu cibiya. A watan Agusta 2024 da 'yan bindiga suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan sun riƙe shi makonni, ƙasar nan duka ta yi makoki. Mu nawa ne muka sa riga muka je gaisuwa? Mafi yawan waɗanda ake kashewa a ƙauyukan nan, da waɗanda suka gudu zuwa wajen Gidan Rumji a Nijar, Musulmi ne, manoman da suke kawo mana gero da albasa. In an yi rasuwa a unguwa mu je mu zauna a tabarma. In an kira aikin gayya mu fito da shebur. Ranar Sallah dattawa su je gaisuwa fada, kada sai ranar da muke da ƙara.

Ga 'yan'uwa da tsaro ya sa suka koma Sakkwato, ba wanda zai ga laifinku. Birni dai yana da nasa. Haya ta shekara ce a dunƙule, ruwa na saye ne, tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023 kuɗin keke ya ninka, kuma ba Hajiyar da za ta ce tahi da shi. Roƙona ɗaya, kafin ka ɗaure kaya ka zagaya kasuwa. Wanda za ka iya biya ka biya. Wanda ba za ka iya ba, ka je da dattijo guda, a rubuta, ka bar lambar waya mai aiki. Ina kuma ba iyayenmu fastoci shawara, da girmamawa, duk mai neman takardar shaida zuwa wata ikilisiya a tambaye shi ko akwai mai binsa a gari. Kuma kada kowa ya ƙara cewa "ni na coci kaza ne" don a ba shi kaya, sai in dattawa sun sani sun yarda su tsaya masa.

Na ce zan gaya muku inda maganar Alhaji ta kwana. Faston garinsu yaron ya amsa mana. Yaron yana nan da rai. Ashe mahaifiyarsa ce ta kwanta asibiti, ya kwashe kuɗin kaya ya kai, kunya ta hana shi dawowa. Da ya faɗa tun farko, na tabbata Alhaji da ya ɗaga masa ƙafa. Ya turo naira 60,000 sau ɗaya, ya ce zai ƙara bayan girbi. Mu mun biya 195,000. Saura 85,000. Alhaji ya ce a bar sauran, muka ce ya yi haƙuri ya bari mu cika. Littafin yana wurin ma'aji a teburin baya, duk mai son ya duba ya duba, mai son ya sa hannu kuma ya gan shi bayan an ci abinci. Masu komawa ta Goronyo, direbobi sun ce ƙarfe uku za su tashi, ba za su jira kowa ba.